Mai Karɓar Baba Bai Zo Ba

Ni na kawo shawarar mu kai Baba Bompai, kuma gaskiya ba don Allah na kawo ta ba, don in kayar da Yaya a gardama ne.

Wata huɗu muka yi muna ja-in-ja a kan magana ɗaya. Yaya, babban wanmu, ya ce Baba ya fara rikicewa, tunda Inna ta rasu bai kamata a bar shi shi kaɗai a gidansa na Panshekara ba, a kulle gidan a dawo da shi Zawaciki wurinsa. Ni kuwa na ce lafiyar Baba ƙalau, tsufa ne kawai, kuma ranar da aka raba shi da gidan da ya gina da guminsa, ranar aka gama da shi. Makullin gidan na biyu a jakata yake, na rantse ba zan bayar ba. Yaya ya ce an tsinci Baba da sassafe a titin Challawa riƙe da kular abinci babu komai a ciki. Na ce motsa jiki ya fita. Ya ce ya tarar da shi yana ƙwanƙwasa tankin ruwa yana kasa kunne. Na ce tun muna yara haka yake yi, ko ka manta? Ni malamar makaranta ce, kullum cikin musun yara nake, amsa ba ta yi mini wuya.

Baba ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana hura wuta a wani kamfanin matsar man gyaɗa a Bompai, kafin kamfanin ya durƙushe ya koma gidan jima a Challawa. Abin da na sani game da aikin nasa bai taka kara ya karya ba. Na san akwai tukunyar tururi, wadda su suke kira boila. Na san ɓawon gyaɗa ake zuba mata. Na san warin mai da ke bin kayansa, har Inna ta ware masa igiyar shanya tasa daban. Sai kuma wani wasa da ya koya mini ina 'yar shekara shida. Idan ya dawo da yamma ni nake tarbarsa a zaure, ba zai ba ni kular abincinsa ba sai na tambaye shi, "Ruwa?" Ya ce, "Rabi." In ce, "Wuta?" Ya ce, "A kwance." In ce, "To na karɓa." Sannan ya miƙo mini kular da hannu biyu. Na ɗauka shi ya ƙirƙiri abinsa don ya ba ni dariya, ban taɓa tambayarsa ma'anarsa ba.

Wata abokiyar aikina ce ta gaya mini magadan kamfanin sun share wani ɓangare, sun yi wa tsofaffin injuna fenti, suna barin mutane su shiga kallo ranar Asabar. Na ce yawwa, ga inda zan kunyata Yaya. A tsayar da Baba gaban injinsa ya zayyano komai da sunansa, in ga wanda zai ƙara ce masa rikitacce.

Bayan azahar muka tashi a motar Yaya. Baba ya sha babbar rigarsa fara ta Juma'a, ya zauna a gaba, muka ratsa gari muka shiga Bompai. Ni a baya ina ta nuna masa wurare kamar ni ce na yi aiki a nan. Rabin kamfanonin sun koma rumbunan ajiye kaya, tireloli sun yi layi a bakinsu, wasu kuwa ciyawa ta kai gwiwa a harabarsu don damina ta yi nisa. Da muka hango dogon bututun hayaƙi na jan bulo, Baba ya gyara zama ya duba agogonsa. Na zunguri kujerar Yaya daga baya, wato ka fara gani.

A bakin ƙofa wata matashiyar mata ta tarbe mu, ita ce mai yi wa baƙi bayani, da kati rataye a wuyanta. Akwai wasu 'yan kallo kamar goma, har da malaman wata makaranta. Muna shiga babban ɗakin injuna, Baba ya tsaya cak. Ya cire hularsa ya miƙo mini. Ya cire zobensa da agogonsa ya zuba mini a tafin hannu. Kafin in ce me ke nan, ya kama babbar rigar ya zare ta ta ka, ya naɗe ya ɗora mini a kafaɗa, ya tsaya daga shi sai 'yar ciki da wando a gaban mutane.

Yaya ya matso kusa da kunnena. "Wannan ma motsa jiki ne?"

"Zafi yake ji," na ce. Amma Baba mutum ne da ko shagon ƙofar gida ba ya zuwa babu hula.

Matar ta fara bayani, rabi Hausa rabi Turanci. Ni da na zo in ga komai na fahimta, sai na rasa gaba na rasa baya. Ga wata ƙatuwar tayar ƙarfe da ta fi ni tsayi sau biyu, rabinta a cikin rami. Ga bututai sun bi ta sama, wasu sun shige bango, wasu sun ƙare a iska babu abin da suka haɗu da shi. Ga belabelai na fata, masu juya tayoyin, sun bushe sun rataya. An shafe komai da koren fenti da ja, sai ƙyalli yake yi kamar kayan ɗakin amarya. Ta ce tururi yana fitowa daga nan ya tura wancan, wancan ya juya wannan, wannan ya matse gyaɗa. Na bi yatsanta da ido, na ɓace tun a kan wancan na farko. Na juya wurin Baba in ji nasa bayanin, wanda saboda shi na taso mu tun daga Panshekara. Ko kallon tayar bai yi ba.

A jikin bango an kafa wani faffaɗan allo, an rataye kayan aiki da ƙusoshi: sifanu manya da ƙanana, wata har ta kai tsawon hannuna, guduma iri-iri, magagari, awartaki, shebur mai faɗin baki, butar zuba mai mai dogon hanci. Kowanne da 'yar takardarsa a ƙasa. Na ja hannun Baba na ce, "Baba, ku gaya mana, wannan mene ne sunansa?" Na nuna wata sifana mai lanƙwasasshen wuya. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Wa ya rataye su haka? Ta yaya mutum zai ɗauka cikin sauri?" Shi ke nan abin da ya ce. Sunan da nake jira bai zo ba, kuma ban sani ba, ya manta ne ko kuwa tambayar tawa ce ya raina.

Matar ta nuna wata siririyar sandar ƙarfe mai kan katako, ta ce da ita ake tona wuta. Baba ya yi wani tsaki da duk ɗakin sai da aka juyo. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiyar da aka gitta, ya zare sandar daga ƙusarta.

"Baba, ba a taɓawa!" matar ta ce. "Don Allah ku yi masa magana."

Yaya ya ce da ni, "Ke kika kawo shi, yi masa."

Na kira shi sau biyu, bai waiwayo ba. Ya nufi ƙarshen ɗakin, inda tukunyar take kwance, doguwa kamar tankar mai, jikinta duk kawunan ƙusoshi. Da ya isa bai dafa ta ba. Bayan hannunsa ya kai a hankali, ya ɗan taɓa ya janye, ya sake taɓawa. Ƙarfen da ya shekara talatin bai ga wuta ba! Sai ya ɗora bakin sandar a jikin tukunyar, ya kama kan katakon da haƙoransa, ya lumshe ido. Wata daga cikin malaman ta toshe baki tana dariya, wani ya ɗaga waya zai ɗauka. Na ji kunya ta rufe ni, na ji haushin Yaya, na ji haushin kaina, kuma ban san wanne ya fi yawa ba. Tsoho ɗan shekara saba'in da wani abu, babu riga babu hula, da ƙarfe a baki.

Ya cire sandar ya buga wani bututu da ita sau uku. Ƙarar ta bi bango ta tafi.

Sai aka amsa. Daga can bayan bangon, ta cikin bututun, aka buga sau biyu.

Wallahi sai da na yi salati. Matar ma ta ja da baya, ta ce tunda ta fara aiki a nan ba ta taɓa jin haka ba. Ni har na fara tunanin abin da ake faɗa game da tsofaffin gine-gine. Sai ga wani dattijo ya ɓullo ta ƙaramar ƙofa yana ɗingishi, da kakin gadi a jikinsa da ƙaramin gicciye a wuya, da dutse a hannunsa. Ya tsaya yana ƙifta ido, sannan ya daka ihu, "Sarkin wuta! Kai ne? Kana da rai?"

Mutumin kudancin Kaduna ne. Shi ne mai zuba wa injin mai a zamaninsu, da kamfanin ya mutu bai koma gida ba, aka bar shi gadi. Ya ce yana zaune a inuwa ya ji bugu uku, kafin ya yi tunani hannunsa ya riga ya ɗauki dutse ya amsa. Bugu uku tambaya ce daga mai wuta, in sako tururi? Bugu biyu kuma, sako. Ya rungume Baba, Baba ya bubbuga bayansa yana murmushi.

Na ce, "Baba maigadi, don Allah, me ya sa ya tuɓe riga?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake shan ruwa. "'Yata, wa yake shiga nan da babbar riga? Bel ya kama gefen riga, ya gama da kai. A gabana ya ɗauki wani, sai da aka kashe injin aka sauko da shi. Zobe ma haka, ya tafi da yatsa." Ya ce bayan hannu ake taɓa ƙarfe da shi, don idan da zafi hannu da kansa zai gudu, tafi kuwa mannewa yake. Sandar nan kuma ba ta tona wuta ba ce, ta saurare ce. Cikin ƙarar injuna kunne ba ya aiki, sai ka sa ta a haƙori ka ji cikin ƙarfe ta ƙashin kanka, ko ruwa na tafasa daidai, ko wani wuri ya tsage. Ya ce duk kamfanin babu mai haƙorin Baba.

Matar ta ciro biro tana rubutawa, ta ce za a canza takardar. Wanda ya ɗaga waya ya sauke, ya zo ya gaida Baba da hannu biyu. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na juya wurin Yaya na ce, "To, likita, sai me? Riga, zobe, tankin ruwa, wanne ne rikicewar?" Ya yi shiru yana kallon Baba. Na ɗauka shirun kayen da ya sha ne, har na ƙara masa da cewa gobe ma ya zo da wata hujjar. Har yau idan na tuna bakin da na yi masa a wurin nan sai in ji ba daɗi.

Muka yi la'asar a harabar kamfanin. Baba bai fito ba, na ce a bar shi ya sha kallonsa, ya yi tasa sallar idan mun koma gida. 'Yan kallo suka watse ɗaya bayan ɗaya. Wajen ƙarfe biyar matar ta zo da makullai a hannu ta ce za su rufe. Na koma ciki na same shi zaune a kan wata kujerar ƙarfe mai ƙafa uku a gaban tukunyar, sandar a kan cinyarsa, ya ƙura wa wani siririn gilashi ido, wanda aka kafa a tsaye a goshin tukunyar. Babu komai a cikin gilashin sai gawar wani ƙwaro.

"Baba, ku tashi mu tafi, za a rufe."

"In tafi ina? Mai karɓata bai zo ba."

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. Na warware rigarsa na miƙa masa. Ya ture ta da gefen hannu ba tare da ya ɗauke ido daga gilashin ba. Ya ce, "Baiwar Allah, matsa baya, nan ba wurin tsayawa ba ne."

Baiwar Allah. Ni da ya yi wa huɗuba a kunne.

Na tsaya da riga a hannu, kaina ya ɗaure tamau. Yanzun nan aka gama nuna mini duk abin da ya yi daidai ne, kowane motsi da dalilinsa. To wannan fa? Shi ma aikin ne, ko kuwa ɗayan abin ne? A ina ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara? Na dubi maigadi ko zai sake fitar da ni, ya ce ai haka ake yi. Ya kuwa ce haka ake yi, amma murya ƙasa-ƙasa, yana kallon takalminsa. Ya ce mai wuta ba ya barin tukunya sai wanda zai karɓe shi ya zo ya karɓa hannu da hannu, ko da jiniyar tashi ta yi kuka, ko da gidansa ne yake ci da wuta. Idan ruwa ya ƙafe babu mai kallo, tukunya fashewa take, ta tafi da kowa. Ya ce Baba ya taɓa yin kwana biyu a kan kujerar nan saboda mai karɓarsa ya kwanta ciwo.

"To ina mai karɓar tasa?" in ji Yaya, wanda ya shigo yana tsaye a bayana.

"Ya rasu tun kafin a rufe kamfani."

Maigadi ya matsa ya ce, "Sarkin wuta, kawo in riƙe maka." Baba ya ce, "Kai da butar mai aka san ka. Yaushe ka fara wuta?" Yaya ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, ni ne, ku ba ni, na karɓa." Baba ya dube shi daga hula har takalmi ya ce, "Da wannan rigar? Wa ya bar ka ka shigo?" Na ga idon Yaya ya kaɗa. Ya miƙe ya ce mu ɗauke shi kawai mu sa a mota. Baba ya ji, ya damƙe sandar da hannu biyu. Tsoro ne tsantsa a fuskarsa, tsoron mutumin da yake ganin rayukan mutane a hannunsa ana so a janye shi.

Ina kallon gilashin nan na tambayi maigadi na mene ne. Ya ce na ruwa ne, a nan ake ganin inda ruwan tukunya ya tsaya, kuma daidai shi ne ya tsaya a rabi.

Rabi. Na ji kamar an kira ni daga zauren gidanmu.

Na ba Yaya rigar da hular da agogon da zoben. Na cire zobena da awarwarona na zuba a jaka. Na naɗe mayafina na ɗaure shi tam a ƙugu, babu gefen da yake lilo. Na je na kai bayan hannuna jikin tukunyar, sanyi ƙalau, na janye kamar na ji zafi. Na leƙa gilashin. Sannan na tsaya a gabansa.

"Ruwa?"

Ya ɗago ya dube ni. Ban ga alamar ya san ni ba, amma kafaɗunsa suka sauka.

"Rabi."

"Wuta?"

"A kwance."

"To na karɓa."

Ya miƙe da ƙyar, ya miƙo mini sandar da hannu biyu, yadda yake miƙo mini kular abinci. Ya ce, "Kin makara." Na ce a yi haƙuri. Ya karɓi rigarsa a hannun Yaya ya saka, ya gyara hula, ya ɗaura agogo, ya yi wa maigadi sai da safe, ya kama hanyar ƙofa yana tafiyar mutumin da ya gaji da aiki.

Na ɗaga ƙafa zan bi su, maigadi ya tare ni da hannu. Sai a lokacin na gane abin da na jawo wa kaina. Idan Baba ya gan ni a mota, to an bar tukunya babu kowa ke nan, kuma komawa zai yi. Dole in tsaya har su tafi, ni in nemi adaidaita daga baya.

Yaya ya zaunar da shi a mota ya dawo shi kaɗai. Na shirya jin baƙar magana, don na ci bashinta tun ɗazu, amma ko ɗaya bai faɗa ba. Ya tsaya nesa kaɗan, a bayan igiya, ya ce, "Ina zan kai shi?"

Wata huɗu ina da amsar kowace tambaya tasa. Na buɗe jaka da hannu ɗaya, don ɗayan yana riƙe da sandar, na lalubo makullin gidan Panshekara a ƙarƙashin awarwaro na miƙa masa.

"Ka biya ka ɗauko masa dardumarsa da rediyonsa," na ce. "Ba ya barci sai da rediyo."

Ya karɓa ya juya. Kafin ya kai ƙofa sai ga Baba ya fito daga mota ya dawo, ya leƙo kansa ta bakin ɗakin. Na ce ko ya tuna ni ne, ko sunana zai kira.

"Ke sabuwa ce," ya ce. "Kada ki ɗauke ido daga ruwan nan."

Na ce to. Na zauna a kan kujerar, da sauran ɗumin jikinsa a kanta. Na ji tashin motar, na ji ta fita daga harabar, na ji ƙararta ta ɓace a titi. Matar tana tsaye da makullanta tana jira, maigadi ma haka. Ban san minti nawa na yi ina kallon gilashin ba kafin in iya tashi.